Yadda Ake Gyaran Robobin Tsohon Babur da Yi Musu Fenti a Gida

Duk wanda ya dubi baburan da ake hawa a zamanin nan zai ga rabin jikinsu roba ne. Murfin gefe roba, abin tare taɓo na ƙafar gaba roba, gidan fitila roba, har akwai irin da jama'a suka laƙaba wa suna roba-roba domin kusan ba a ganin ƙarfe a jikinsa sai an leƙa ciki. Mu kuwa da muke shirin aikin malanta, da yawa daga cikinmu za a tura su makarantun ƙauye, inda babur shi ne dokin malami, kuma galibi tsoho ne wanda aka saya hannu na biyu ko na uku. Mai shi yakan kula da inji, ya sāke baƙin mai a kan kari, amma in roba ta tsage sai ya ɗaure ta da waya ko da tsohon tub, ya ce ai ado ne kawai.

Wannan kuwa kuskure ne. Murfin gefe shi ke tsare batir da wayoyi daga ruwan sama, in ya faɗi a hanya sai wuta ta soma ba da wahala da damina. Abin tare taɓo in ya tsage ya yi lilo yana iya shiga cikin ƙafar gaba ana cikin gudu, kowa kuwa ya san ƙarshen wannan. Ga shi kuma in babur ya tsufa robobinsa na asali sukan yi wuyar samu a kasuwa. Saboda haka na ga ya kamata in bayyana wa 'yan'uwana yadda mutum zai gyara su da hannunsa, ya kuma yi musu fenti, da kayan da ba su fi ƙarfin aljihun ɗalibi ba.

ABIN DA KE KASHE ROBA

Kamfanin Honda na ƙasar Japan shi ya yi suna wajen sa roba a jikin babur. A shekarar 1958 ya fito da wani ƙaramin babur mai suna Super Cub, wanda garkuwar da ke tsare ƙafafun mahayi da abin tare taɓonsa na gaba aka yi su da roba. Babur ɗin ya karɓu ƙwarai, har a shekarar 2017 kamfanin ya sanar cewa ya ƙera guda miliyan 100. Baburan da muke kira roba-roba siffarsa suka bi. Dalilin zaɓen roba a fili yake: ba ta da nauyi, ba ta tsatsa, kuma ana zuba ta a kowace siffa da araha.

Amma tana da abokan gāba guda uku. Na fari rana. A cikin hasken rana akwai wani kashi da ido ba ya gani, shi ne ke cin roba sannu a hankali, har launinta ya koɗe, ta yi fari-fari kamar an barbaɗa mata alli, ta bushe ta riƙa karyewa kamar ƙwarya. Na biyu girgiza. In ka duba da kyau za ka ga yawancin tsaga daga ramin kusa take tashi, gama a nan ne aka matse roba da ƙarfe, in 'yar robar nan mai taushi da ake sawa a tsakani ta ɓace, ko an ɗaure noti fiye da kima, kowane rami na hanya sai ya ƙara wa tsagar tsawo. Na uku fetur da man birki, waɗanda ke cin fenti, wani lokaci har da robar kanta.

ROBA BA IRI ƊAYA BA CE

Wannan shi ne kan maganar duka, wanda ya gane shi ya yi rabin aikin. A bakinmu kome roba ne, bokiti roba, jarka roba, kujera roba. A wurin masu ƙera su kuwa kowace da sunanta da halinta, kuma maganin wata ba ya yi wa wata. A jikin babur iri uku aka fi samu, ana rubuta sunayensu a taƙaice da haruffa: ABS da PP da PE.

ABS tana da tauri, in ka ƙwanƙwasa ta da farce sai ta yi ƙara, kuma tana karɓar fenti sosai. Saboda haka galibin robobi masu launi da ƙyalli, kamar murfin gefe da gidan fitila, da ita ake yi. PP da PE kuwa suna da laushi, suna tanƙwaruwa ba su karye ba, in ka shafa su sai ka ji santsi kamar kyandir. Su ne baƙaƙen robobin nan marasa ƙyalli da ake sawa a ƙarƙashi da wuraren da ke shan bugu. Gam ba ya kama su, fenti ma da ƙyar.

Akwai hanya uku ta gane wadda ke hannunka. Da farko juya ta ka duba ciki, sau da yawa masu ƙira sukan buga haruffan a wani lungu. In ba ka gani ba, sa wuƙa ka ɗan fero ƙanƙanen yanki daga ciki inda ba fenti, ka jefa a kofin ruwa, ka danna shi da yatsa ya jiƙe, sa'an nan ka sake shi. ABS ta fi ruwa nauyi kaɗan, sai ta nutse. PP da PE sun fi ruwa sauƙi, galibi sai su taso. Hanya ta uku ita ce ta wani ruwa mai suna asiton, wanda ake samu a shagunan fenti, shi ne kuma ke cikin yawancin ruwan goge jan farce. Ɗiga ɗigo ɗaya a wurin da ba a gani. In wurin ya yi laushi yana danƙo, ABS ce. In ya bushe ba abin da ya faru, PP ce ko PE.

Wannan gwajin kofin ruwa, ban da amfaninsa a nan, darasi ne mai kyau ga yara 'yan firamare a kan abin da ke nutsewa da abin da ke tasowa, ba ya kuwa bukatar kome sai kofi da gutsattsarin roba.

KWANCEWA DA WANKI

Kada a yi aikin nan robobi suna jikin babur. A kwance su ɗaya ɗaya, kusoshin kowace a zuba a gwangwani dabam, ko a ɗaure a takarda a rubuta sunan wurin, gama tsawonsu ba ɗaya ba ne, doguwar kusa kuwa in ta shiga wurin gajera tana iya huda roba. Yawancin murafun gefe suna da 'yan kunnuwa a ciki waɗanda ke shiga ramuka, a ja su a hankali daidai inda suka shiga, kada a fizge.

Sa'an nan wanki. A wanke ciki da waje da ruwan ɗumi da sabulun gari da buroshi, har sau biyu, a ɗauraye, a bari ya bushe a inuwa. Maiƙo shi ne babban abin da ke hana liƙi da fenti kamawa, musamman man ƙyalli da masu wankin babur ke shafawa, wanda in ya saura ko kaɗan sai fenti ya yi 'yan ramuka kamar idon kifi. Kada a goge ABS da tina ko fetur, gama suna cin fuskarta su bar mata ƙananan tsage-tsage. In ana son ƙarin tsabta a sa ɗan sifirit a tsumma mai kyau a shafe. Tsofaffin sitika kuwa a shanya robar a rana kaɗan ko a zuba musu ruwan zafi, sai su ɓare da sauƙi.

LIƘIN TSAGA

Kafin kome, nemi daidai inda tsaga ta ƙare, ka huda ɗan ƙaramin rami a wurin da siririyar kusa mai zafi. Amfanin ramin shi ne ya tsai da tsagar, gama ƙarfin girgiza a kan tsinin nan yake taruwa, in ya sami rami mai zagaye sai ya watse. Daga nan haɗa bakin tsagar daidai ta waje, ka manne da tef na takarda don kada ya motsa. Aikin duka ta ciki za a yi shi. Sa wuƙa ko magagari ka rarake bakin tsagar ta ciki, ya zama kamar ƙaramar kwata mai zurfin rabin kaurin robar, ka kuma kankare fenti da datti kamar faɗin yatsa biyu a kowane gefe.

In ABS ce, ga hanya mai sauƙi. Nemi wani mataccen murfi na ABS, a wurin makanikai ana samunsu a yashe. Kankare fentinsa, ka yayyanka shi ƙanana kamar ƙwayar masara, ka zuba a kwalbar gilashi mai murfin ƙarfe, ka zuba asiton ya rufe su, ka toshe, ka bari ya kwana. Da safe za ka tarar ya narke ya zama kamar kunu mai kauri. Shafa ɗan asiton a kwatar nan, sa'an nan ka cika ta da wannan kunu da tsinke. Asiton zai narka bakin tsagar, kunun ya haɗu da shi, in ya bushe sai su zama jiki ɗaya. A sa shi kaɗan kaɗan, a bari kowane shafi ya bushe kafin a ƙara, gama in an tula da yawa gaba ɗaya sai sama ta bushe ciki yana ɗanye, ya yi kumfa. Ga doguwar tsaga, a shimfiɗa ɗan yankin ragar taga a tsakanin shafi na fari da na biyu. A ba shi kwana ɗaya ko biyu kafin a taɓa.

In PP ce ko PE, asiton ba shi da aiki, sai wuta. Wannan ita ce sana'ar masu liƙin bokiti da ke yawo unguwa unguwa da ƙarfe da garwashi, kuma yana da kyau mutum ya zauna ya kalli hannunsu kafin ya gwada. Ƙarfen walda na masu gyaran rediyo ya fi sauƙin sarrafawa, amma tsohuwar wuƙa da aka ɗora a garwashi ma tana yi. Da fari a ɗan ɗana bakin ƙarfen a kan tsagar nan da can, kamar yadda tela ke kafa ɗinki kafin ya bi da keke. Sa'an nan a yanko siririn tsinke na roba, a kwantar da shi cikin kwatar, a bi shi da ƙarfen sannu sannu, ana narka tsinken tare da bakin tsagar, ana cuɗa su. Lalle ne tsinken ya zama irin robar da ake gyara. Kujerun roba da bokitai galibi PP ne, jarkar mai kuwa PE ce. In ka sa PE a kan PP zai yi kamar ya kama, amma da ya huce ka sa farce sai ya ɓare.

A lura da zafi. PP tana narkewa wajen digiri 160 a ma'aunin Salsiyos, abin da ake so ke nan, ta narke ta yi sheƙi. In ta soma hayaƙi tana yin baƙi ko ruwan ƙasa, ta ƙone, kuma ƙonanniyar roba ba ta da ƙarfi. Don ƙarin ƙwari a yanko ragar waya ta ƙarfe, a ɗora a gicciye kan tsagar ta ciki, a danna ta da ƙarfe mai zafi har ta nutse cikin robar, a rufe ta da wani tsinken. Ita ce ke zama kamar karan ɗori ga karaya. ABS ma ana iya yi mata wannan liƙi na wuta, da tsinken ABS.

Sufa gulu da ake haɗawa da yashi ko auduga yana fid da mutum kunya a hanya, amma yana bushewa da tauri kamar gilashi, ba ya jure girgiza, a kan PP da PE kuwa ba ya kamawa sam. Gam mai bututu biyu da ake cuɗawa yana kama ABS in an karce ta sosai, shi ma ba ya yi wa sauran biyun.

Kunnen da ya karye, in guntun yana nan, a mai da shi ta hanyar da ta dace da irin robar, a tara masa liƙi a gindi da raga, gama a nan nauyi ke sauka. In ya ɓace, a yanko wani daga mataccen murfi irinsa a dasa, a gwada a jikin babur tun liƙin bai gama ƙarfi ba don a tabbata ya hau raminsa.

GUGA DA SAMFEFA

Fenti ba ya ɓoye aibi, sai ma ya tona shi. Duk karcen da yatsa ya ji, ido zai gan shi bayan an fesa. A bayan kowace samfefa akwai lamba, kuma gwargwadon girman lambar gwargwadon laushinta. Da mai lamba 180 ake daidaita wurin liƙi ta waje, a naɗa ta a ɗan katako don kada yatsu su yi kwari. In ƙaramin rami ya saura a cike shi da kunun ABS, ko da ɗan abin cike rami na masu gyaran jikin mota, amma siriri ƙwarai, gama roba tana tanƙwaruwa, shi kuwa in ya yi kauri sai ya fashe.

Sa'an nan a bi jikin duka da mai lamba 320 ko 400, ana tsoma ta a ruwa. Ba lalle ne a cire tsohon fenti duka ba. Inda yake riƙe da kyau, a kashe ƙyallinsa kawai har ko'ina ya dushe. Inda yake ɓarewa, a goge har bakinsa ya bi jiki, yatsa ya wuce bai ji tudu ba. A sāke wankewa, a bari ya bushe sarai, daga nan kuma kada a kama fuskar da hannu, gama ko maiƙon tafin hannu yana ɓata aiki.

FENTI

Ga wanda ba shi da injin feshi, fentin gwangwani mai feshi ya isa. Hawa uku ake yi: na share fage, wanda masu fenti ke kira firama, da na launi, da na ƙyalli marar launi wanda ke tsare na ƙasa. A sayi dukansu iri ɗaya na kamfani ɗaya, gama akwai fentin da in ya hau wani sai na ƙasan ya tattare kamar fatar tsohuwa. Kullum a fara gwadawa a kan mataccen murfi, a kuma karanta abin da aka rubuta a jikin gwangwanin a bi shi.

ABS tana karɓar firama ba gardama. PP sai an fara fesa mata wata firama ta musamman ta roba, mai kama da ruwa, in ba haka ba fentin zai ɓare kamar ɓawon albasa. PE ta fi su duka taurin kai. Shawarata ita ce, baƙar robar da ba a yi mata fenti tun daga masana'anta ba, a gyara ta, a wanke, a bar ta da launinta. Waɗansu sukan bi ta da harshen wuta don baƙinta ya dawo. Yakan dawo na ɗan lokaci, amma zafin yana ƙara busar da ita.

A girgiza gwangwani kamar minti 2 bayan an ji ƙwallon ciki ya soma ƙara. A riƙe shi kamar taƙi ɗaya daga jikin robar. A soma feshin a waje da bakin robar, a wuce da hannu miƙe ba tsayawa, a sake maɓallin bayan an fita ɗaya bakin, kowane layi ya hau rabin na bayansa. Shafin fari ya zama kamar raɓa, har ana hangen ƙasa. A jira minti 10 zuwa 15, a ƙara. Shafi uku marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri, gama mai kauri zuba yake yi kamar hawaye. In ya zuba kada a taɓa, a bari ya bushe har gobe, a goge da samfefa, a sāke.

Firama shafi biyu, in ta bushe a bi ta a hankali da samfefa mai lamba 600 ko 800 da ruwa. Launi shafi biyu ko uku. In za a manna sababbin sitika, a bari launi ya bushe sosai tukuna. Sa'an nan na ƙyalli shafi biyu. In an gama, a kifa gwangwanin a fesa har iska kaɗai ke fita, don kada bakinsa ya toshe. A sani kuma fentin gwangwani na kullum ba ya jure fetur. Akwai mai ƙarfi wanda ake haɗa ruwa biyu, shi ke jurewa, amma tururinsa yana yi wa huhu mugun lahani, sai da abin rufe fuska na musamman, saboda haka a bar wa masu sana'ar.

WURI DA LOKACI

Ƙura da laima su ne maƙiyan mai fenti. Da damina iska tana da ruwa, fenti yakan bushe ya yi hazo-hazo ba ƙyalli. Tsakiyar hunturu kuwa ƙura ke sauka a kansa, sanyin safiya kuma yana sa shi fita da gudaji. Lokacin da ya fi shi ne bayan ɗaukewar ruwa kafin hazo ya yi ƙarfi, da hantsi, a inuwa, ranar da ba iska. Tsakar rana ba ta yi, gama fentin yakan bushe tun bai kwanta ba. A yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta, a rataye robobin da waya ko a ɗora su a kan kwali.

Kada a yi wannan aiki a ɗakin kwana ko a rufaffen wuri. Hayaƙin ƙonanniyar roba, musamman ABS, guba ne. Asiton da fentin feshi suna kama wuta nan da nan, saboda haka a gama aikin garwashi, a kashe, kafin a buɗe su, kada kuma a yi kusa da murhu ko mai shan taba. A rufe hanci da baki, a kori yara, gwangwanin da ya ƙare kuma kada a jefa shi a wuta, fashewa yake yi.

MAYARWA

Fenti yakan bushe a taɓa cikin sa'a guda, amma ba ya yin ƙarfin gaske sai bayan kwanaki. A ba shi mako ɗaya kafin a mai da robobin, kada kuma a shafa masa man ƙyalli sai ya yi kamar wata guda. Ba a fafe gora ranar tafiya, wanda zai fita koyon aikin koyarwa ranar Litinin kada ya soma feshi ranar Asabar. Hutu shi ne lokacinsa.

Wajen ɗaurawa a sa wa kowane rami 'yar roba mai taushi, in ta asali ta ɓace a yanko daga tsohon tub. A kafa kusoshi duka sako-sako tukuna, a ga kome ya zauna, kāna a ɗaure, daidai yadda ba zai motsa ba kawai. Wanda ya sāke wa babur launi gaba ɗaya ya tuna launin yana rubuce a takardunsa, sai ya je ofishin lasin a gyara, don kada ya sha tambaya a hanya.

Daga nan sai kiyayewa: a riƙa ajiye babur a inuwa ko a rufe shi, fetur in ya zuba a share nan take, ƙaramar tsaga kuma a huda mata rami a liƙe tun ba ta yi nisa ba. Wanda bai taɓa yi ba ya fara da murfin gefe ɗaya, ko ma da fasasshen bokiti, har hannunsa ya faɗa. In ya bi waɗannan matakai bi da bi, bai yi gaggawa ba, ina fata kwalliya za ta biya kuɗin sabulu.